Sallama a Ƙofar Ɗakin Jarrabawa

Fa'iza, Sadiƙu, da ke auta Nana, wannan babin naku ne, don na gaji da jin maganar tana yawo a karkace a bakin dangin uwarku. Duk bikin da aka taru a Mbamba sai wani ya rage murya ya ce ai Malam Bukar ne ya kori surukinsa saboda wata jarrabawar kwamfuta. Ni ne Malam Bukar ɗin, kuma ban kori kowa ba. Amma kakanku ya bar gidana, wannan gaskiya ne, jarrabawar kuma tana ciki dumu-dumu. Ku karanta ku huta da tambayar uwarku, don ita ko za ku kwana kuna roƙo ba za ta ba ku labarin nan ba.

Baba Jauro ya zo mana a shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya. Ƙauyensu yana can bayan Gulak, shi ne jauro, wato mai garin, kuma shi ne na ƙarshen fitowa bayan ya tabbatar mata da yara sun haye dutse. Ya iso Jimeta a bayan motar gawayi da riga ɗaya da buta da sanda. Gidanmu na Bekaji ya cika har baranda, mutum ba ya zuwa bayi sai ya tsallake ƙafafu. Sannu a hankali aka watse, wasu sansani, wasu Gombe, wasu suka koma gida. Shi da kawunku Umaru suka rage, domin nasu yankin ya ƙi kwanciya. Yau a ce an samu sauƙi, gobe a ji an tare manoma a gona. Ga shi da hawan jini, maganinsa a Yola yake, asibitin da ke kusa da su kuwa an ƙone shi. Kowa a gidan ya san in tsohon nan ya koma ba lallai mu sake ganinsa ba. Shi ma ya sani, amma zuciyarsa kullum tana can. Abin da ya riƙe shi kawai 'yar fadamar da na aro masa ce a bakin tafkin Njuwa, inda yake shuka alayyafo da kuɓewa, ya ji shi ma yana da abin da yake sawa a tukunyar gidan. Ya taɓa gaya wa Umaru cewa ranar da ya ga ya zama nauyi a gidan suruki, ranar zai naɗe tabarmarsa.

Ku 'yan yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo, ba za ku gane irin zaman da muka yi ba. Ni Babarbare ne, mahaifina falke ne daga Borno, kuma kun san mu da Fulani abokan wasa ne. Babu Bafillacen da na raga wa a Jimeta, daga mai nono har manaja. Amma ban da wannan. Shekaru muna gida ɗaya ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi ma bai taɓa kama sunana ba. Da safe in cire takalmi tun daga nesa, in tsuguna, in gaishe shi ina kallon ƙasa, ya amsa yana kallon bango. Uwarku kuwa 'yar fari ce, tata kunyar ta ninka tawa. Da ta ji motsinsa a tsakar gida sai ta shige ɗaki. Duk maganar da za ta ratsa tsakaninmu sai ta bi ta bakin Umaru, shi kuma direban keke mai ƙafa uku ne, wani lokaci saƙon safe sai da magariba yake isa. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Girmamawa ce, kuma wallahi ina son mutumin nan. Ɗakinsa yana bakin zaure, nawa yana can ƙurya, kuma tun da ya zo bai taɓa taka wannan ɓangaren ba.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin banki, ni ke kula da kwamfutocinsu tun zamanin da ake lulluɓe su da leda in an tashi aiki. Tsaro ne aikina: in masu kutse suka gwada shiga asusun mutane, ni ake kira. Da can da hannu nake komai. Alama ta bayyana, in duba, in yi tunani, in kira manaja, sannan in cire na'urar da ta kamu daga layi. Sai zamani ya juya aka ce wannan jan ƙafa ne, ɓarawon yanzu kafin ka gama buga waya ya kwashe ya yi gaba. Sabon salo shi ne ka rubuta wa na'ura ƙa'ida tun abu bai faru ba: in kin ga kaza, ki toshe kaza, ki kulle asusun, ki aika rahoto, kada ki jira kowa. Shugabannin bankin suka ce duk mai son ci gaba da riƙe kujerar tsaro sai ya kawo satifiket na wannan fanni kafin shekara ta fita. Da furfura a gemuna aka mai da ni ɗan makaranta.

Da Ngozi muka yi karatun, abokiyar aikina, haifaffiyar Jimeta, iyayenta suna da shagon kayan wuta a kasuwa. Hausa zar a bakinta, sai dai mace da namiji duk "ya" ne a wurinta, kuma ba ta san a yi wa magana kwana ba. Lokacin hutun rana ta zaunar da ni tana jefo mini tambayoyin gwaji. Kullum a wuri ɗaya nake faɗuwa. In aka ce ga alamar kutse, mene ne matakin farko, hannuna sai ya kai kan "a tuntuɓi mai na'urar a ji ta bakinsa." Ta buga tebur ta ce:

"Oga Bukar, inji ba ya gaisuwa. Ya yanke tukuna, tambaya daga baya."

Na yi ta gardama da ita cewa wata rana sai an yanke wanda bai ji ba bai gani ba. Ta ce an sani, littafin ma ya faɗa, amma an gwammace a yi kuskuren yankewa da a yi kuskuren jira. Haka na haddace shi ina ƙunƙuni. Bayan sallar asuba in zauna da tsohuwar kwamfutata, in ƙirƙiro ɓarawon ƙarya in sake shi a kan kaina, in ga ko ƙa'idar da na rubuta za ta cafke shi. Na canza tabarau, na sa batirin sola saboda wutar Bekaji ba abin dogaro ba ce, na daina zaman majalisa har abokai suka fara cewa ko na yi sabon aure a ɓoye. Ranar da ƙa'idata ta farko ta kama ɓarawon da kanta, ina shan kunu ban taɓa komai ba, na yi ihun da ya sa uwarku ta shigo da ludayi a hannu. Ba zan ɓoye muku ba, daga baya abin ya shiga raina, na fara jin daɗinsa.

Sai ga korona. Aka rufe cibiyoyin jarrabawa, aka ce kowa ya yi a gida, kamara a buɗe, wani can ƙasar waje yana kallonka, na'ura kuma tana sauraro. Sharuɗɗan suna da tsauri. Ɗaki ya zama babu kowa sai kai. Ba za ka tashi ba, ba za ka yi magana ba, ko leɓe ba a son ya motsa. In aka ji wata murya ana maka gargaɗi. In ka amsa ta, shi ke nan an soke. Ngozi ta yi tata a gidansu ta ci, ta ce in zo in yi a ɗakinta tunda can babu hayaniya. Na yi dariya na ce magidanci kamar ni ya kulle kansa a ɗakin budurwa rabin yini, ai kafin in fito an kai labari har Yola. Otal-otal a rufe, ofis a rufe. Na ce gidana ya ishe ni. Ta ce to in tara mutanen gidan in gaya wa kowa baki da baki, har da Baba. Na ce mata ba haka muke yi ba.

Ga yadda muka yi. Na gaya wa uwarku cewa ranar Asabar daga hantsi zuwa azahar kada kowa ya kusanci ƙofata, kada a yi daka, ku yara a kai ku Mbamba. Game da Baba kuwa ban ma damu ba, mutumin da bai taɓa zuwa ɓangarena ba, amma na ce a sanar da shi don kada ya ga gida shiru ya yi mamaki. Uwarku ta gaya wa Umaru ya shaida wa Baba cewa maigidan yana da babbar jarrabawa, ana son natsuwa. Umaru ya je gaban mahaifinsa, ya tsuguna, sai ya ga bakinsa ba zai iya furta wa jauro guda cewa ya yi shiru ko kada ya je wuri kaza ba. Wane ɗa ne zai iya? Sai ya gyara maganar yadda za ta shiga kunnen babba. Ya ce maigidan yana da babbar jarrabawa ranar Asabar, aikinsa ya rataya a kanta, ana neman a taya shi da addu'a.

Ranar ta zo. Na kwashe komai daga ɗakin har kalandar bango, na zagaya da kamara na nuna musu ƙarƙashin tebur, aka buɗe mini tambayoyi. Kuma suna zuwa mini da sauƙi, abin mamaki. Na wuce rabi, ina kan wata tambaya game da lokacin da ya kamata na'ura ta kulle asusu da kanta, sai na ji takun sanda a siminti. Na san takun. Baba ne, ya tsaya a bakin ƙofata.

"Salamu alaikum."

Ban motsa ba. Wani jan rubutu ya fito a saman allon, wai an ji murya a kusa, wannan gargaɗi ne. Na kafa ido a kan tambayar, amma ko harafi ɗaya ban ƙara ganewa ba. Ina addu'a a zuci uwarku ta fito ta janye shi, alhali na san tana jin sandar ta shige ɗaki kamar kullum. Umaru kuwa yana kan titi da kekensa. Ya sake sallama, a hankali, irin ta mai jin nauyin wurin da ya zo. Kun san ƙa'ida: in mutum ya yi sallama sau uku ba a amsa ba, juyawa yake yi. Na hango shi a raina, tsohon da ya haɗiye kunyar shekaru ya tako har ƙofar surukinsa karon farko, ya juya da sandarsa ba a ce masa kanzil ba, alhali ya san ina ciki. Da ya yi ta uku sai kawai na ji bakina ya buɗe.

"Wa alaikumus salam, Baba."

Allon ya yi fari. Ba wanda ya tambaye ni ko wane ne, ko me ya kawo shi. Rubutu layi biyu ya fito cewa an rufe jarrabawar saboda magana da wani. Na fi kowa sanin abin da ya faru, don irin ƙa'idar da na kwashe watanni ina koyon rubutawa ce ta yi aikinta. Na tashi na buɗe ƙofa. Yana tsugune a gefe da 'yar ƙwarya a hannu, ashe tun asuba yake rubutu a allo ya wanke mini. Ya ajiye ta a bakin ƙofa, fuskarsa a gefe guda, ya ce:

"A ba mai jarrabawa ya sha kafin ya fara."

Na durƙusa na shanye tas, na yi godiya. Ya yi mini addu'a doguwa da Fillanci, ya miƙe ya tafi yana jin daɗi, har takun sandar ya canza.

Da yamma muka haɗu ni da uwarku da Umaru muka yanke cewa ba zai taɓa sani ba. Za a ce layin intanet ne ya yanke, abin da kowa a Jimeta zai yarda da shi ba tare da tambaya ba. Na rubuta wa masu jarrabawar na yi bayanin suruki da sallama da iyakar Turancina, amsa ta dawo nan take, da gani ba mutum ne ya rubuta ta ba, wai sai bayan wasu watanni zan iya sakewa. Wa'adin banki kuwa ba zai kai can ba. Aka ba Ngozi kujerar tsaro, ni aka mai da ni teburin sauraron koke-koken masu katin cirar kuɗi. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Amma gida lafiya, Baba yana zuwa fadamarsa, na ce wannan ma ya isa.

Ngozi ce ta kasa zama. Kujerar tana cin ranta, tana ganin kamar ta ƙwace mini. Wata Lahadi bayan sun taso coci ta zo gidan da lemo da burodi don ta ba ni haƙuri. Ni kuma na manta ban gaya mata shawarar da muka yanke ba, don ban taɓa kawo cewa za su haɗu ba. Ta tarar da shi a zaure yana gyaran kuɓewa. Ta rusuna ta gaishe shi da ladabi, sannan ta yi abin da a gidansu shi ne tarbiyya, wato ka ga babba cikin damuwa ka sauke masa ita kai tsaye. Ina fitowa da takalmi a hannu na ji tana cewa:

"Baba, kar ka sa a rai fa. Ba laifinka ba ne da ka yi masa sallama aka soke. Aikin ma zai dawo masa, ni na yi alkawari."

Baba ya ci gaba da yanka kuɓewa, ya sa mata albarka, ya tambayi lafiyar iyayenta. Yarinyar ta shigo ciki tana murmushi, ta ga fuskata, sai murmushin ya ɗauke. Har yau in mun haɗu sai ta tayar da maganar idonta ya kawo ruwa, ni kuma in ce mata ta bari, da zuciya ɗaya ta yi.

Bai tashi a ranar ba, ba halinsa ba ne. Ya jira har ya gama cire amfanin fadama, ya je da kansa ya mai da ita hannun mai ita, ya biya ta masallaci ya yi sallama da abokan zamansa. Sannan Umaru ya zo mini yana sosa ƙeya ya ce Baba ya ce ranar kasuwa zai hau mota. Na aika a ba shi haƙuri, aka dawo da godiya. Na turo limamin unguwa, ya dawo yana girgiza kai. Daga ƙarshe na yi abin da ban taɓa yi ba. Na shiga zauren, na zauna a tabarmarsa, na dubi idonsa na ce masa jarrabawa ana sake ta, aiki ana samun wani, gidan nan nasa ne, kuma in ya tafi 'yarsa ba za ta ƙara barci mai daɗi ba. Na faɗi sunan maganinsa, na faɗi hanyar da ake tarewa. Na yi ta zuba. Shi kuwa kunya ta kama shi kamar na tuɓe a gabansa. Ya juya ga Umaru, wanda ke raɓe a bakin ƙofa, ya ce:

"Ka gaya masa bai rage ni da komai ba. Amma na ci abincinsa shekaru, rana ɗaya da na tashi in taimake shi na kashe masa aiki. Ba zan iya haɗa hanya da shi kullum da safe ba."

Uwarku ba ta fito ba ranar tafiyar. Ta ɗaure masa maganin wata da watanni a leda, da yaji, da busasshiyar kuɓewar da shi ya noma, ta miƙa wa Umaru, ta tsaya a bayan labule. Ni na bi keken har tasha a kan babur, na tsaya daga nesa har motar ta cika ta tashi. Na sha zama ina juya abin nan ko zan ga inda zan ɗora yatsa in ce ga mai laifi. Umaru ya yi ladabi, Ngozi ta yi kirki, tsoho ya kawo addu'a, ni na amsa sallama, kuma ko yau aka mai da ni kujerar jarrabawar nan sai na amsa. Duk da haka baƙin cikin bai ragu ba ko kaɗan, kuma har gobe ba na son jin takun sanda a siminti.

Da lokacin sakewa ya yi, na koma kan karatun da wani irin naci, ba don kujera ba, ita ta riga ta tafi. A raina na ƙudurta cewa in na ci, an goge abin da ya faru. Zan aika masa cewa ga shi babu abin da ya lalace, ya dawo. An buɗe cibiyoyi a lokacin, na je na zauna cikin yara sa'o'in Sadiƙu, na ci da maki mai kyau. Ban ko biya gida ba, na nemo Umaru a bakin kasuwa, na cika masa tanki na ce gobe ya kama hanya, ya gaya wa Baba da bakinsa, ya taho da shi. Uwarku ta share ɗakin zaure ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Na je na sake roƙon fadamar aka ba ni.

Umaru ya dawo shi kaɗai. Ya ce ya same shi a bukkar da ya gyara a kangon gidansu, ya rame amma yana kan ƙafarsa. Ya ce da ya ji labari ya ɗaga hannu ya yi hamdala har da hawaye, ya sa aka kira maƙwabta aka gaya musu. Sai da Umaru ya kawo maganar komawa, tsohon ya yi murmushi ya ce:

"To ka gani? Da na ba shi wuri, ai ga shi ya ci."

Da na san haka zai fassara ta, da na bar satifiket ɗin a ƙasan akwati ban aika kowa ba. Damina ta biyu jininsa ya hau ana cikin ruwa, hanya kuma a rufe saboda an kai hari a gaba. Kafin a samu mota ya cika. Mu ma sai bayan an binne shi muka samu wucewa.